Hukumomin duniya da masifun da ba su san iyaka ba: suna tsinana wani abu kuwa?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗalibi a jami'ar André Salifou ta Damagaram. Ya ce: "Malam, kullum muna ganin fararen motoci masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya suna kai da kawo tsakanin birni da Magarya, amma yunwa ba ta ƙare ba, annoba ba ta daina zuwa ba, rikici ma ƙaruwa yake yi. Shin hukumomin nan suna da wani amfani in masifa ta game ƙasashe, ko dai cin kuɗi ne kawai? In suka tattara suka tafi, za mu rasa wani abu?"

Ƙanena, na daɗe ina aikin sa ido kan cututtuka da ƙarancin cimaka a jihar nan, don haka da abin da ya shafe mu zan amsa maka. A wani fanni suna aiki ƙwarai, har sun kawar da cututtukan da suka addabi kakanninmu. A wani fannin kuwa ba su da kataɓus. Kuma tun kafin masifar ta zo kana iya gane wanne za a gani, in ka duba abu biyu: an riga an ajiye kuɗi da kayan aiki tun da wuri, ko sai abin ya faru za a fita bara? Sannan maganin matsalar zai taɓa muradin wata babbar ƙasa, ko ba zai taɓa ba?

Ka fara cire wa ranka cewa akwai wata gwamnati ta duniya. OMS, hukumar lafiya ta duniya mai mazauni a Janeba, ba ta da ɗan sanda, ba ta karɓar haraji, ba ta iya shiga wata ƙasa sai da yardar masu ƙasar. Kasafinta na 2024 da 2025 gaba ɗaya bai kai dala biliyan 7 ba, kuma abin da ƙasashe ke biya na wajibi a ciki bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Sauran kyauta ce, wadda mai bayarwa yakan ɗaure ta da sharaɗi: wannan na shan inna ne, kar a taɓa shi don wani abu. PAM kuwa, mai rabon abinci, duk kuɗinta na ganin dama ne. Wanda ke cin abinci da hannun wani, ba shi ke yanke lokacin da za a zuba tuwo ba.

Shekarar 2005 ce ta fi koya mana wannan, kuma a ƙofar gidanmu aka yi ta. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango ya sauka a arewacin yankin noma da makiyaya. Ba a ce ba a sani ba. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, ta nemi dala miliyan 9 tun watan Fabrairun 2004 don a kashe farin tun yana ƙyanƙyasa a hamada, kuɗin bai zo a kan kari ba, kafin ƙarshen damina abin da ake nema ya kai dala miliyan 100. Gwamnatin Nijar ta nemi taimakon cimaka a watan Nuwamba na 2004, kusan ba wanda ya amsa. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, kuɗin da bai taka kara ya karya ba a wurin manyan ƙasashe, aka yi shiru. Sai a watan Yuli, da BBC ta nuna hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi, aka fara ruwan kuɗi. Kofi Annan da kansa ya zo Damagaram a watan Agusta. A lokacin buhun hatsi ya kai wajen jika 30, talakawa sun riga sun sayar da awaki, wasu sun jinginar da gonaki. Ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara kaɗai.

Ka lura, na'urar gargaɗi ta yi aikinta. Cibiyar Agrhymet da ke Yamai, wadda ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari da aka kafa tun 1973 bayan babban fari, tana auna ruwa da amfanin gona kowace shekara. Abin da ya ci tura shi ne juya labari ya zama buhu a kasuwa. Kuma laifin ba na waje kaɗai ba ne. Shugaba Tandja Mamadu ya yi ta musun cewa akwai yunwa. Gwamnati da masu ba da tallafi sun daɗe a kan tsarin sayar da hatsi da rahusa, suna tsoron rabon kyauta zai ɓata kasuwa, alhali mutanen da ake magana a kansu ko kuɗin tiya ɗaya ba su da shi. A farkon shekarar ma aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi kamar madara da sukari da garin alkama, har mutane suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Maƙwabta kuma suka tare hatsinsu ya daina fitowa, duk da ƙa'idar sakin kasuwa ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Na fi jin zafin wannan na ƙarshe, don mu mutanen Kance da Matamai da Magarya kasuwarmu ɗaya ce da Daura da Maigatari, in aka toshe can, a tukunyarmu ake ji.

An ɗauki darasi, wannan gaskiya ne. A watan Disamban 2005 babban zauren Majalisar ya amince da asusun gaggawa na CERF, ya fara aiki a 2006. Tamkar rumbun tsimi ne: ana zuba kuɗi tun ana ƙoshi, in abu ya taso a buɗe cikin ƴan kwanaki ba tare da jiran kyamarar ɗan jarida ba. Tsarin jinyar tamowa ya sauya, aka koma ba uwa kwaɓin gyaɗar nan na Plumpy'nut ta ciyar da ɗanta a gida, sai mai tsananin ciwo ake kwantarwa. A 2010 ƙarancin cimakar ya shafi mutane da yawa fiye da na 2005, amma hukumomin soja na Salu Jibo sun amsa da bakinsu tun da wuri, taimako ya shigo da sauri. Farin dango ya sake yunƙurowa daga iyakar Libiya da Aljeriya a 2012, aka tare shi kafin ya yi irin ɓarnar baya. Ba ka ji labarinsa sosai ba, don masifar da aka hana faruwa ba ta shiga rediyo.

Inda hukumomin nan suka fi burge ni shi ne yaƙi da cuta guda, sananniya, mai magani. Agana ta ƙare a duniya, an tabbatar a 1980. Bushiya, wadda ta sha share garken Fulani, an sanar da ƙarewarta a 2011. Kurkunu da ya riƙa kwantar da manoma a Mirya daidai lokacin noma, an ba Nijar shaidar rabuwa da shi a 2013. A watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da OMS ta tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan rafi ke kawowa.

Amma bari in tsaya a kan sanƙarau, don duk ɗan Damagaram ya san abin da watan zafi da ƙura ke zuwa da shi. A 1996 annobar ta kama mutane fiye da 250,000 a yankinmu na Sahel, ta kashe wajen 25,000. Allurar da ake da ita a lokacin ba ta daɗewa a jiki, ba ta yi wa jarirai aiki sosai, kuma sai annoba ta ɓarke ake fara neman ta. Daga wannan bala'i abu biyu suka fito. A 1997 aka kafa tsarin ajiyar allurai na duniya, wanda ƙasa za ta nema a aiko mata in cuta ta ɓarke. A 2001 kuma OMS da ƙungiyar PATH, da kuɗin gidauniyar Gates, suka shiga neman allurar da za ta dace da aljihun Afirka. Manyan kamfanonin magani ba su ga riba a ciki ba, sai wani kamfani na Indiya, Serum Institute, ya yarda ya yi ta a ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. A watan Disamban 2010 aka fara yin wannan allura, MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar. Cikin ƴan shekaru nau'in A na ƙwayar sanƙarau, wanda shi ne ke haddasa manyan annobobin da, ya ɓace daga ƙasashen da aka yi allurar. Babu yadda Nijar ita kaɗai za ta yi wannan, ba ta da kuɗin binciken, kuma ko da ta yi wa kowa allura, ƙwayar za ta dawo daga Jigawa da Katsina.

Sai dai cuta ba ta sa hannu a yarjejeniya. Nau'in C ya maye gurbin, a 2015 ya kama mutane fiye da 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500, har aka rufe makarantun Yamai, allura kuma ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, OMS ta lissafa mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, Dungas ce ta fi jin jiki, a daidai lokacin da Jigawa ke fama da tata. Allurai sun zo daga waccan ajiyar ta duniya. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Wannan shi ne aikin in yana tafiya daidai: ba a gama ba, amma kowane zagaye ana ƙara matse cutar.

Akwai sharaɗin da ba a saye da dala, wato yarda. A lokacin annobar 1996 ɗin nan kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Kano, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da jihar Kano a 2009. Da jita-jita ta taso a 2003 cewa allurar shan inna na hana haihuwa, ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da allurar har zuwa Yulin 2004, ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, ciki har da mu, ta kai har Yaman da Indunusiya. Abin da ya gyara lamarin ba takarda ce daga Janeba ba. Sarakuna da malamai da masu unguwanni ne suka shiga gaba, mata masu zagayawa gida-gida suka yi ta haƙuri da ƙofofin da ake rufe musu. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Da korona ta zo sai aka ga ɗaya fuskar. A nan allurar da talaka ke so ita ce wadda mai kuɗi ma ke so. An kafa shirin COVAX don a raba daidai, amma ƙasashe masu arziki suka riga suka saye abin da kamfanoni za su yi tun bai fito ba. Kason farko ya sauka Gana a ranar 24 ga Fabrairun 2021, wata guda bayan haka Indiya ta dakatar da fitarwa don cutar ta yi mata yawa a gida, shirin ya tsaya cak na watanni. Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a sassauta haƙƙin mallakar fasaha tun Oktoban 2020, ba a cimma komai ba sai Yunin 2022, shi ma guntu. Daga baya COVAX ta raba allurai kusan biliyan 2, amma da yawa sun iso bayan mutane sun daina tsoro, wasu saura kaɗan su lalace. Allah ya taimake mu cutar ba ta yi mana irin kisan da ta yi a Turai ba. A watan Mayun 2025 ƙasashe suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba, ba tare da Amurka ba, wadda ta sanar da ficewarta daga OMS a watan Janairun shekarar.

Batun yaƙi kuwa, a nan ne ba na iya kare su. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da ƙasashe biyar masu kujerar naƙi, Amurka da Rasha da Sin da Faransa da Birtaniya, tsarin 1945 ne, lokacin da mu muna hannun Faransa. A watan Maris na 2011 kwamitin ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 don kare fararen hula a Libiya, NATO ta ɗauke shi ta kai har ga kifar da Gaddafi, aka yi watsi da shawarar sulhu ta Tarayyar Afirka. Wanda ya jefa bam ya koma gida. Mu muka karɓi dubban ƴan cirani da suka dawo hannu rabbana, gidaje da yawa a Tanut da Gure suka rasa kuɗin da ake aiko musu, makamai suka malalo kudu, arewacin Mali ta faɗi a 2012. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, MINUSMA, ta zauna a Mali daga 2013 zuwa 2023, ta rasa sojoji fiye da 300, ta fita ba a samu zaman lafiya ba.

Ga wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Nijar ta zauna a Kwamitin Sulhu a 2020 da 2021. A watan Disamban 2021, tana shugabancin kwamitin, ita da Ailan suka kawo daftarin da zai sa a ɗauki sauyin yanayi a matsayin abin da ke rura rikici, abin da duk wanda ya ga faɗan manoma da makiyaya ya sani. Ƙasashe 113 suka mara wa daftarin baya, 12 cikin 15 na kwamitin suka ce e. Rasha ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu nan take.

Hijira ma haka. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, yawancinsu daga yankin Kance. Dokar Nijar ta 2015 ta hana safarar baƙin haure, wadda Tarayyar Turai ta matsa aka yi, ta rage motocin da ake gani a tashar Agadas, ta tura direbobi hanyoyin da babu rijiya, har aka soke ta a Nuwamban 2023. Hukumar hijira ta duniya, OIM, tana karɓar waɗanda Aljeriya ke zubarwa kusa da Asamaka, ta ba su ruwa da magani da motar komawa gida. Aikin alheri ne, amma ba ta da ikon hana a zubar da su, kuma kuɗinta daga ƙasashen da ba sa son su ƙarasa yake fitowa.

CEDEAO ta ba mu abu mai daraja tun 1979, wato ɗan kasuwa ya tafi Kano ba biza. Ita ce kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta Katsina da Gazawa, magani da abinci suka maƙale a hanya. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024 ba tare da ya cimma abin da aka sa shi dominsa ba. Ko mene ne ra'ayinka kan juyin mulkin, mai ciwon suga da ya rasa magani ba shi ya yi shi ba, kuma ƙungiyar ta yi asarar ƙasashe uku a kan haka.

Sauyin yanayi ba zan daɗe a kai ba, don alkawari ya fi aiki yawa. A Kofanhegan a 2009 aka ce za a riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020, sai a 2022 aka ce an cika, kuma kaso mai yawa bashi ne. Asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022 ya fara da alkawarin dala miliyan 700 da ɗoriya, ga duniya baki ɗaya. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan 1, tsohon masallacin Birni na nan Damagaram ya rushe muna gani. Abin mamaki, babban aikin farfaɗo da ƙasa da duniya ke misali da shi a Sahel manomanmu ne suka yi shi: daga tsakiyar shekarun 1980 suka daina sare tohon gawo da kalgo a gonakinsu, aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin itace a Maraɗi da Damagaram. Masu bincike daga baya suka zo suka auna.

To in suka tafi za mu rasa wani abu? Ƙwarai kuwa, kuma mun fara ɗanɗanawa tun da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi, USAID, a 2025, wasu ƙasashen Turai ma suka rage tallafi. Yawancin alluran da ake yi wa jarirai a likitocinmu da tallafin Gavi, ƙawancen samar da allurai na duniya, ake sayen su, ta hannun UNICEF suke zuwa. Gidan sauro da maganin zazzaɓi da na tarin fuka, Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓi yana da hannu babba a ciki. Hoton tauraron ɗan adam da ke nuna inda fari ke ƙyanƙyasa, da ajiyar allurar sanƙarau, ba abin da jiha ko ƙasa ɗaya za ta riƙe ba ne. Wanda ya ce maka duk wannan banza ne, bai taɓa tsayawa a ɗakin yara masu tamowa a watan Agusta ba.

Amma ƙorafinka kan fararen motoci ma yana da tushe. Kuɗi mai yawa yana ƙarewa a albashin ƙwararru da haya da taron otel, foroje yakan zo da abin da mai kuɗi ke so, ya kwashe ma'aikatan gwamnati masu ƙwazo da albashi mai tsoka, ya yi shekara uku ya naɗe tabarma. Abin da ya fi damuna shi ne mahaɗar da ta fi muhimmanci gare mu ita ce ta fi rauni. Dokar lafiya ta duniya ta 2005 ta wajabta wa ƙasa ta sanar da OMS cikin awa 24 in ta tantance wata barazana, amma labari tsakanin likitan Dungas da takwaransa na Maigatari, da tafiyar awa ɗaya ko biyu ta raba, yakan dogara ne ga sanayya da lambar waya, ko taron kan iyaka da wani foroje ke biya. Foroje ya ƙare, taro ya tsaya. Wannan ba aikin Janeba ba ne, namu ne da Najeriya, kuma muna da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu tun 1971 mai mazauni a Yamai. Haka nan shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, ƙalilan ne suka taɓa cikawa. In kana neman abin da za ka yi bincike a kai don kammala karatunka, je ka gundumar Magarya ko Dungas ka nemi rajistar cututtuka ta mako-mako, ka lissafa kwana nawa ke shiga tsakanin ranar da aka ga mai sanƙarau na farko da ranar da allura ta iso, sannan ka tambaya a wane tebur takardar ta fi daɗewa.